Ranar da Aka Shanya Kaset ɗin Baba Modu

Kullum da hantsi, in ka bi ta bayan tsohuwar tasha a Haɗeja, za ka tarar da Baba Modu a ƙofar shagonsa da kaset ɗin bidiyo a cinya. Zai kwance murfin, ya jiƙa auduga da sifirit, ya riƙa murza zaren da ɗan yatsa yana goge funfuna. Kaset ɗaya kan cinye masa wuni guda. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki, kuma an fi shekara goma rabon da wani ya zo hayar kaset. Matarsa Mairam ta gaji da magana, sai dai ta kawo masa fura ta juya.

A da, da zarar an sallame la'asar, bencina ukun ƙofar shagon sun cika. Majalisar masu son fim ke nan: manoman shinkafa, 'yan acaɓa, malaman makaranta, kowa da daraktan da yake karewa kamar ɗan ɗakinsu.

"Wallahi daraktan nan naka ɓarawo ne, Malam Abdulfattah!" in ji Sa'idu ɗan acaɓa. "Wurin rabuwar nan a bakin kogi daga fim ɗin Indiya ya kwashe shi ɗungurungum."

"Kai dai tsaya ga babur ɗinka," in ji malamin. "Ina kai ina sanin ɗaukar hoto?"

Baba Modu ba ya sa baki. Zai miƙe ya shiga ciki, ya fito da kaset biyu, ya ce, "To 'ya'yana, ku zauna ku gani da idonku." Wanda aka kayar shi ke sayen shayi. Kai ne alƙalin da bai taɓa yanke hukunci da baki ba, Baba. Wani darakta ma ya taɓa tasowa takanas daga Kano neman fim ɗinsa na farko, wanda shi kansa ya rasa, a wurinka ya same shi tsaf, da kwalinsa.

Sai damina ta zo da ambaliya, shekara uku da suka wuce. Baba Modu yana Auyo wurin ta'aziyyar ƙaninsa, ruwa ya yanke hanya, ya kuma shiga shagon har gwiwa. 'Yan majalisa suka ɓalle kwaɗon, suka kwashe kaset-kaset a ka, suna ratsa ruwa. Wannan kam sun yi abin a yaba. Amma mutanen fadama ne, abu in ya jiƙe magani ɗaya suka sani. Suka shimfiɗa tamfol a filin da ake shanya shinkafa, suka baza kaset ɗin a tsakar rana, kwana uku suna juya su kamar sanfarerar shinkafa. Sa'idu har aiki ya ajiye yana korar awaki. Shekara da shekaru suna ganin dattijon nan yana baza kayansa su sha iska a inuwa, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Da Baba Modu ya sauka daga kwalekwale, a guje suka kai shi filin, suna jiran yabo. Ya ɗauki ɗaya. Robar ta lanƙwashe, zaren ya manne da juna ya zama dunƙule. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, "Sannunku da ƙoƙari. Allah ya saka da alheri." Kashi biyu cikin uku sun tafi. Abin da ruwa ya bari, masoya suka ƙarasa.

Wannan kuskure ne, ana yafe shi. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Kunya ta sa majalisa ta tashi ta koma cikin waya, can ake ta musu ba dare ba rana, ba mai hujja. Bencina suka yi ƙura. Sau nawa ya roƙi masu ilimin cikinsu su zo a juye ragowar a kwamfuta kafin injinsa na ƙarshe ya mutu? Amsar ɗaya ce: "In sha Allahu, Baba." Yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani, da laluben yatsa yake gane funfuna.

Makon jiya Sa'idu ya tsaya a ƙofar shagon, ko kashe babur bai yi ba.

"Baba, kana da fim ɗin nan na rabuwa a bakin kogi? Musu ya sake tashi tsakanina da Malam."

Baba Modu bai ɗago daga aikinsa ba. "Da ina da shi, ɗana. Yana cikin waɗanda kuka shanya."

Mun gode, Baba Modu. Kai ne ka adana mana abin da masu shi suka watsar, muka ƙona maka shi, ka sa mana albarka. Ku kuma masu zafin baki a waya, ragowar kaset ɗin na nan a shago, hadari kuma ya fara haɗowa ta gabas. Mai zuwa ya zo da auduga, ya zauna a inuwa, ya tambayi dattijon yadda ake yi tun yana iya nunawa.