Tsarabar Inna daga Baturiya

Katan ɗin taliyar yara ne a tsakar gidana, ga biskit, ga lemon roba, yarana sai tsalle suke suna "Inna ta zo!" Ni kuwa ina tsaye gaban madambaci, ina kallon kayan.

Tun da haƙoran autana suka fara ruɓewa na hana shigo da irin waɗannan. Muka koma shinkafar gida, dambun zogale, kifin kogi, daddawa maimakon dunƙule. An sha kuka, an sha kifar da kwano, sai kwanan nan suka fara ci ba tare da tsawa ba.

Sai ga surukata Inna daga ƙauyen Baturiya, matar da kullum tsarabarta bandar kifi ce.

Bayan mun gaisa na ce cikin wasa, "Inna, yau ba kifi?"

Ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya. "Na sayar, na sayo musu wannan. 'Yar nan, in babu ce ta same ku, ku faɗa min. An ce jikokina dambu suke ci a cikin Haɗeja, kamar 'yan ƙauye."

Har da ƙwalla a idonta.

Da rana na zuba dambun, ba yaron da ya kalle shi. Inna ce kaɗai ta cinye nata tas, har tana suɗe hannu.

Don Allah ku faɗa min, yaushe abincin da ya raine mu ya zama abin kunya?