Filinmu a Gonar Gero

Ni fa ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini tarihin ƙwallon Roni. Bin tsofaffin 'yan wasa na riƙa yi, a teburin mai shayi, a tashar 'yan acaɓa, ina tambaya har su gaji su ce in tafi. A bakinsu na ji cewa kulob ɗinmu bai taɓa mallakar fili ba. Inda muke bugawa gonar wani dattijo ce a bayan gari. Da damina gero ne a ciki. Idan kaka ta yi sai 'yan ƙwallo su yi masa gayya, mu girbe, mu ɗaure dammuna, mu tuge tushiya, mu baje kunyoyi. Daga nan fili namu ne har ruwan farko.

Kada ku raina gonar nan! A nan aka lallasa 'yan Babura. 'Yan Kazaure sun sha yi mana dariya, wai a kan kunya muke wasa, amma a nan wani kulob na Kano mai biyan albashi ya zo ya ɗauki golanmu na da.

Bara dattijon ya rasu. Gonar ta faɗa rabon babban ɗansa, ma'aikaci ne a Kazaure. Bana gero ya nuna, muna ta jiran kira. Shiru. Wata safiya muka tarar 'yan ƙwadago sun gama girbin.

Kocinmu ya kwashe mu muka je gaida magajin.

"Alhaji, yaranka ne," in ji koci. "Sun ce an yi girbi ba su ji ba."

"Ai ban so in wahalar da ku ba, Malam." Ya sa aka kawo mana ruwa. "Ƙasar nan ta gaji. An tattake ta har ta koma daɓe."

"Ai marigayi..."

"Allah ya jiƙansa."

Muka ce amin. Alhaji ya miƙe, mu ma muka miƙe.

A hanya golanmu ya ce, "To, sai mu koma langa." Ba wanda ya yi dariya.

Muka biyo ta gonar. Wani makiyayi da ya saba zuwa kallon wasanmu yana durƙushe yana kafa turaku daidai inda raga take tsayawa. Kowa a nan ya san abin da hakan ke nufi: mai gona na son taki, shanu za su zauna a ciki duk rani. Ya amsa sallamarmu bai ɗago ba. Garken na gangarowa daga gindin dutse.

'Yan garin Gwiwa za su zo wasa ranar kasuwa. Har yanzu ba wanda ya yarda ya kira su ya gaya musu babu fili.