Kunnen Hagu na Bubayero

A Kaikai, idan saniya ta ɓata a damina, ba a wahalar da kai da bin sawu. Bubayero ake kira. Sai ya tsaya a bakin gona, ya ce kowa ya yi shiru, ya kasa kunne. Da saniyar ta yi kuka, ko daga bayan dutse ne, zai nuna da sanda ya ce can take. Ni maƙwabcinsa ne, shekara talatin, ban taɓa ganin sandar nan ta yi ƙarya ba.

Wata safiya ya tashi kunnensa na hagu ya toshe, sai ƙugi kamar injin niƙa. Mu kuma, da yake kowa likita ne a garinmu, muka ce datti ne. Matarsa Hadijatu ta narka man shanu tana ɗiga masa safe da yamma. Ni da bakina na ce a ƙara da tafarnuwa. Har yau abin yana cina.

Sai da aka yi wata biyu na raka shi babban asibiti a Katsina. Likitar kunne ta ce ba datti ba ne, ciwon yana can ciki inda man shanu ba ya kaiwa. Akwai allurar sitiroyid, maganin kumburi, da ake yi ta cikin dodon kunne, amma ta fi aiki a makonnin farko.

"Baba, kun makara," in ji ta. "Za mu gwada dai."

Sau uku muna zuwa. Kowane zuwa sai a kwantar da shi, kai a karkace, rabin awa ba magana ba haɗiyar yawu. Bubayero da ko a jana'iza sai ya ba da labari! Amma ya daure, idonsa a rufe, yana jiran kunnen ya buɗe.

Ƙugin ya ragu. Jin bai dawo ba. Da kunne ɗaya yana jin komai, sai dai bai san daga ina sautin yake zuwa ba, kuma wannan shi ne duk sana'arsa.

Bara Kyalla ta ɓata, saniyarsa mai farin goshi wadda ya raina tun tana maraƙa. Ya hana kowa binsa sai ni. Muka tsaya a bakin gonar gero, ta yi kuka, na ga fuskarsa ta washe. Ya ɗaga sanda ya nuna gabas. Ni kuwa na ji ta sarai a yamma.

"Ina jin ta, Sada," ya ce. "Wallahi ina jin ta. Ina take?"

Bai sauke sandar ba har Kyalla ta ratso geron ta bayansa, ta sa hanci a kafaɗarsa ta hagu.