Wayar Shafa da Na Kai wa Inna Zurmi

Muna idar da sallar asuba na isa tashar Gusau, amma direba ya ce ba inda za shi sai rana ta fito sosai, kun dai san halin hanyar nan yanzu da 'yan bindiga. Shekara biyu rabona da Zurmi, ina can Abuja wurin aiki. A jakata akwai sabuwar wayar shafa da na saya wa mahaifiyata, Inna, don na gaji da jin muryarta kawai. Fuskarta nake son in riƙa gani idan na kira.

Kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani, na biya ina ƙunƙuni. Gero ya fara fitar da kai a gonakin bakin hanya, wasu gonakin kuma ciyawa ce ta cinye su.

Ni na jawo wa kaina surutu da na fito da wayar ina dubawa. Wani malamin makaranta da zai wuce Shinkafi ya leƙo ya ce na yi dabara da na sayi Andiroid, ko yaro ya san kanta, kuma kowane mai gyara a kasuwa zai iya buɗe ta. Wani ma'aikacin asibiti a gidan gaba ya juyo da Aifon a hannu, ya ce tasa ba ta san sanƙarewa ba, yatsa na taɓa gilashi ta amsa. Malamin ya ce to ya tura masa karatu ta bulutut mu gani, ai Aifon ba ta iyawa. Haka suka yi ta yi har Kaura, direba na dariya da 'yar wayarsa rakani-kashi ɗaure da roba.

A Kaura Namoda muka rabu da malamin, bai sauka ba sai da ya sake jaddada mini na yi zaɓi. Na ci waina da miyar taushe a tsaye, mai zafi, irin wadda Abuja ba su iya ba ko za su shekara suna gwadawa. Daga nan zuwa Zurmi ramuka ne da shingayen jami'an tsaro. Ni kuwa duk na ƙosa mu isa.

Na tarar da Inna a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, “Kai ne tahe? Sannu da hanya.” Na durƙusa na gaishe ta, aka kawo fura, sannan na sa mata wayar a hannu ina ta bayani kamar mai talla.

Ta shafa gaba, ta shafa baya, ta juya ta. Ta ce, “Wagga ai sumul take, ina wurin dannawa?”

Na ce ta dubi koren hoton nan ta taɓa. Ta kai yatsa can gefe inda babu komai. Na sake nuna mata, ta sake kuskurewa. Ƙanwata da ke tsaye ta sunkuyar da kai, daga baya ta ja ni zaure ta gaya mini: yanar ido ce ta kama Inna tun bara, inuwa-inuwa take gani. Ita ta hana a faɗa mini, wai kada hankalina ya tashi a wurin aiki. Tsohuwar wayarta kuwa da lalube take kirana, ta san maɓalli na biyu nawa ne, ta danne shi har sai ta ji ƙara.

Wallahi na ji kunya, na kuma ji tausayinta har na kasa komawa ciki da wuri. Kwana uku na yi, kullum ina zaune kusa da ita tana ba ni labarin waɗanda suka rasu da waɗanda suka tashi suka bar gari. Da ƙyar ta yarda bayan girbi in zo in kai ta asibitin ido.

Na dawo Abuja lafiya, wayar tana cikin kwalinta a jakata. Abin da tafiyar nan ta nuna mini ba mai daɗin faɗa ba ne: dabara na nema ta ganin uwata ba tare da na taka na je ba. Ita kuwa ranar da zan taho, hannu ta sa ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta ce na rame.