Ban Ce Da Sauƙi Ba

Aikin wuyan riga nake yi a Fagge har cutar karkarwa, wadda likitoci ke kira Fakinsan, ta ƙwace mini allura. 'Yan'uwa suka haɗa ƙarfi aka kai ni Indiya. Aka huda mini kai, aka zura siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwa, aka binne batir ƙarƙashin fatar ƙirji. Ana kunnawa hannuna ya tsaya cik.

Ciwon kuwa ko gezau. Daga kafaɗa zuwa ƙugu kamar ana ɗaure ni da igiyar guga. Amma wa ke ganin ciwo? Rawar hannu ake gani, ita kuma ta tafi.

Lokacin soja sun daɗe da komawa bariki, kowa na buga waya gidan rediyo yana zazzaga wa gwamnati son ransa. Marar lafiya ne kaɗai ba shi da bakin ƙorafi. A ce maka yaya jiki, ka ce da sauƙi, ko kana mutuwa. Yayana, wanda ke raka ni wurin likitan jijiya, shi ke riga ni amsawa. Likita ya ji an ce da sauƙi, ya bar na'urar da aka dasa mini da magani yadda suke, mu hau adaidaita mu dawo. Haushi kamar ya kashe ni.

Ranar da Yaya ya shirya walimar godiya, har abokan cinikina na Sabon Gari masu sayar da zare sun zo. Limamin unguwa ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, yaya jiki?"

Na ce, "Hannu ya daina rawa, alhamdu lillahi. Ciwo yana nan, babu sauƙi."

Yaya ya ce, "Haba! Wannan ai butulci ne."

Na ce, "Yaya, Allah ya san ina ciwo. Wa kuma zan ɓoye wa?"

Bai ƙara yi mini magana ba har ranar komawa asibiti, amma ya zo ya ɗauke ni. Likita ya tambayi jiki. Yaya ya buɗe baki, na harare shi, na shirya faɗa. Ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Likita, ƙanena bai warke ba. Ka saurare shi."