Tsinken Tsintsiya da Allon Teku

Ban yafe wa teku ba, kuma ba ni da niyyar yafe mata. Ban taɓa ganinta da idona ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin Kaduna idan ya cika da damina, shi ma ta tagar mota nake leƙensa a kan gada. Amma ta ɗauke mini ɗan fari shekara bakwai ke nan, ta bar ni da fuskarsa a cikin waya, fuskar da ko tafin hannuna ba ta cika ba.

Gyaran injin jirgin ruwa ya karanta. Aiki ya kai shi Legas, daga Legas ya cilla shi wani gari a gaɓar Kenya, can ya zauna. Wannan ban yi faɗa a kai ba, namiji da neman abincinsa. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne wasan da ya koya a can.

Ranar da ya fara turo mini bidiyon ina tsakar gidanmu a Unguwan Shanu, ina tsince shinkafa. Na ga wani mutum tsaye a kan falanki a tsakiyar ruwa, an ɗaure masa igiyoyi a ƙugu, igiyoyin sun miƙe sama zuwa wata ƙatuwar laima mai ja da fari. Iska na jan laimar, laimar na jan mutumin, shi kuma yana hawa kan raƙuman ruwa yana gangarowa yana yanka su da gefen falankin. Na ce wannan wane marar uwa ne? Sai ya matso kusa da mai ɗaukar hoton ya ɗaga hannu. Na ajiye farantin shinkafar a ƙasa, kaji suka yi ta ci ban kore su ba.

Dariya yake yi. Bakinsa a buɗe har ana ganin turamensa. Ni da na haife shi ban taɓa ganin ya yi irin wannan dariyar ba.

Maƙwabciyata, matar malamin da ke koyar da karatu a layinmu, ta leƙo ta kalla tare da ni. Ta ce, "Ke, kalma ɗaya za ki yi. Ki ce ba ki yarda ba. Yaron nan ko wuta kika ce ya taka zai taka." Gaskiyarta. Na san da na ce ya bari zai bari a ranar. Na ɗauki wayar har sau uku. Dariyar nan ce ta hana ni.

Sai na faɗi yadda muke da shi, don wanda bai sani ba zai ce ni uwa ce mai taurin zuciya. Ɗan fari ne, kuma a gidan da na tashi ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar. Tun da aka yaye shi ɗakin kakarsa ya koma, ni ina nan ƙofa da ƙofa ina jin tarinsa ba ni da ikon tashi. In zan kira shi sai in ce "kai". In zan yi maganarsa sai in ce "yaron nan". Ƙannensa sun hau bayana sun hau wuyana, shi daga nesa yake tsayawa yana kallo.

Abu ɗaya ne ya rage nawa, ba wanda ya ƙwace mini: takalmin Salla. Duk shekara, in azumi ya raba tsakiya, sai in kira shi bayan ɗaki in ce ya taka ƙasa. In zaro tsinke daga tsintsiya, in durƙusa, in kama ƙafarsa da hannun hagu, in gwada tsinken daga dunduniya zuwa babban yatsa. Sannan in ƙara faɗin yatsuna biyu kafin in karya. Da wannan tsinken nake zuwa kasuwa, in zura shi cikin takalmi ɗaya bayan ɗaya. Kowace uwa a layinmu haka take yi. Yaro girma yake yi, in ka saya masa daidai ka saya wa ƙanensa. Yana zuwa Idi yana jan ƙafa, an cusa masa takarda a gaban takalmin, bai taɓa cewa uffan ba. Ni kuwa nakan ja gwajin nan. In ce tsinken ya karye ba daidai ba, in zaro wani. Sau ɗaya a shekara nake riƙe ƙafar ɗana, ba zan yi gaggawa ba.

To kun ga, da ya kira ni wata Juma'a bayan sallar la'asar ya ce, "Inna, allon da nake hawa na aro ne, zan sayi nawa. Na turo miki hotuna uku, ki zaɓa mini," sai da na gyara zama. Allo yake ce wa falankin. Mutum mai gemu, mai mutane a ƙarƙashinsa a wurin aiki, yana tsallaka ƙasashe ya tambaye ni. Na ce, "Ni ina ruwana da shirmenka?" Amma kafin ya ajiye wayar na riga na buɗe hotunan.

Alluna uku ne a jingine da bango. Ɗaya gajere siriri, wutsiyarsa a tsuke kamar kifi. Ɗaya matsakaici. Na ukun dogo ne mai faɗi da kauri, kamar ƙyauren ɗaki. A ƙarƙashin kowanne ya rubuta lambobi, da wasu 'yan layuka na bayani. A lokacin shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci. Sai da na aurar da 'yata ta biyu sannan na fara riƙe fensir, kuma ina iya haɗa baƙi in na natsu. Ban natsu ba. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Me zan karanta? Ni ce fa mai tsinke.

Na kira shi na ce, "Babban."

Ya ce, "Inna, bai yi girma ba kuwa? Wurin da muke shiga iska na da ƙarfi."

Na ce, "Kai, ruwa za ka shiga ko rawa za ka yi? Wancan ɗan siririn ko kyanwa ba zai ɗauka ba. Ɗauki mai faɗin, in ka faɗi ka sami abin runguma."

Ya ce, "To, Inna."

Irin "to" ɗin da yake yi in na miƙa masa takalmi. Da ya saya ya kira ni a bidiyo, ya jingina allon a gaban wayar, na yi masa addu'a kamar yadda ake yi wa sabuwar mota. Na kwana biyu ina tafiya kamar an ba ni sarauta.

Bayan wata biyu sai ya daina kira da bidiyo, sai murya kawai. Ya ce sabis ne ba kyau. Ƙanwarsa ce ta yi suɓul da baka, ita da ke aiki a ofishin gwamnati tana aure a Malali. Ta ce, "Ai Yaya an kwance masa hannun." Na ce wane hannu? Sannan ta faɗa mini ruwa ya maka shi, kafaɗarsa ta goce, ya yi sati shida hannu a rataye. Na kira shi na zazzage masa faɗa kan ɓoye mini da ya yi. Ya ba ni haƙuri. Bai ce komai a kan allon ba, ni kuma ko a raina ban haɗa su ba. Teku na tsine wa.

Daga nan aka rufe ƙofar. Yana kira duk Juma'a bai taɓa fashi ba. Ina wuni Inna, ya jiki, ya ƙafar, an yi ruwa kuwa, a gaida mutanen gida. In na ce, "Kana shiga ruwan nan har yanzu?" sai ya ce, "Jefi-jefi," ya sako wata maganar. Ba bidiyo, ba laima, ba dariya. Ina komawa ga tsohon bidiyon nan in kalla har na haddace inda ruwa ke fallatsa wa mai ɗaukar hoton. Fiye da shekara muna haka. Ɗana yana gaishe ni kamar yadda ake gaida surukar da ake jin nauyi.

Wata Asabar da rana na je Malali duba jikata da ke haƙori. Ƙanwar tasa ta shiga kicin ta bar wayarta a kan kujera, sai ga saƙo ya shigo daga wurin yaron nan. Ban taɓa ba, ido ne ya kai. Alluna biyu a jingine da bango.

Da ta fito na ce, "Wannan fa?"

Ta kalli wayar ta kalle ni. "Inna, launi kawai ya ce in taya shi zaɓa."

"Ke kika haife shi?"

"Haba Inna."

"Na ce ke kika haife shi? Ina wanda na zaɓa masa?"

Ta zauna a hannun kujera. Ta ce, "Ya ce kada in gaya miki. Yana nan a ɗakinsa, ya ƙi sayarwa, ya ce kin yi masa addu'a. Amma ba ya hawuwa a wurinsu. Shi ne ya kayar da shi."

Na ce ta yi mini bayani da Hausa, kada ta sako mini Turancin ofis. Ta buɗe abin da ya rubuto mata tana fassarawa. Ashe allon nan ba a zaɓensa da ido. Ana duba nauyin mai hawa, da ƙarfin iskar wurin, da girman raƙuman ruwan. Mai faɗi da kauri na wurin da iska ke da sanyin jiki ne, ruwa kuma a kwance. In iska ta yi ƙarfi, raƙuman suka miƙe, mai faɗin ba ya kama ruwa, sai ya riƙa tsalle a sama yana dukan ƙafa, in ka so juya shi ya ƙi. A irin wurin nan siririn ake so, mai tsukakkiyar wutsiya, shi ke nutsa gefensa cikin ruwa ya riƙe. Har da 'yan fikafikan da ke ƙarƙashinsa ana dubawa, da ko za a sa masa maɗaurin ƙafa ko a hau shi haka.

Ai na san wannan. Shekara nawa na yi ina ɗaukar tiren garin masara a ka daga Unguwan Shanu zuwa Abakpa? Duk mai talla ta san in hadari ya haɗo, iska ta taso, mai babban tire ita ce ke fara kuka. Iska na shiga ƙarƙashinsa ta murɗe miki wuya. Ranar da na ga gabas ta yi baƙi ƙaramin tire nake ɗauka. Yaron nan ma ya faɗa mini da bakinsa, iska na da ƙarfi. Na ji, na taka maganar na wuce.

'Yata ta ce, "Kuma fa sai an san nauyinsa daidai, Inna. Ba a ƙarawa."

Ba a ƙarawa. Ni kuwa yatsu biyu na ƙara masa, kamar yadda na saba. Mutumin da ya gama girma tun tuni, na saya masa abin da zai girma ya cike, shi kuma ya ce to, ya shiga teku da shi yana jan ƙafa.

Na ce, "Nauyin nasa nawa?"

Ta ce ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba. Ban san ko ya yi ƙiba ko ya rame ba, waya daga wuya zuwa sama take nuna mini shi. Ban san ko kafaɗar ta koma daidai ba. Na san tsawon ƙafarsa yana ɗan shekara biyar, na san na shekara tara, na san na sha huɗu, shekarar da ya ce a bar shi ya riƙa sayen takalminsa da kansa. Daga nan ban san komai ba.

Ban ci abincin da ta zuba mini ba. Na hau keke mai ƙafa uku na dawo gida tun rana ba ta faɗi ba, na jawo akwatina na buɗe gwangwanin da nake ajiye allura da maɓallai. Tsinken ƙarshe yana ciki, na shekara sha huɗun. Ya bushe ya yi baƙi. Na ɗora shi a tafin hannuna ya wuce yatsuna, na tuna faɗin yatsu biyu daga cikin tsawon nan ba nasa ba ne, nawa ne.

Ban yafe wa teku ba, na faɗa tun farko. Amma kafaɗar nan ba ita kaɗai ta goce ta ba, kuma ni ba na iya ba da haƙuri da baki, ban taɓa koya ba. Abin da nake so shi ne ya sake tambayata.

Da gari ya waye, bayan na share tsakar gida, na ɗauko littafin rubutuna na aji, na buɗe sabon shafi na ja layi uku da fensir: nauyi, iska, ruwa. Sannan na ɗauki waya. Kullum murya nake tura masa, don rubutu a waya na cin lokacina. Ranar nan kuwa da yatsa ɗaya na rubuta, ina gogewa ina sakewa, har shayina ya huce:

"Kai. Hau sikeli ka turo mini nauyinka daidai. Ka turo allunan biyu da lambobinsu, ka rubuta bayanin da Hausa. Wannan karon zan karanta."

Na danna, ya tafi.