Butar Shayin Alhaji

Shekaranjiya na tsaya sayen ƙosai a Hotoro, mai tuyar ta naɗe mini shi a yagaggiyar jarida. Da man ya jiƙa takardar sai wani wari ya taso, na tawada da ta haɗu da mai. Wallahi ban iya cin ƙosan nan ba. Warin ɗakin Baffana ne sak, a gidan da har yau ba na son tunawa da shi.

A Nassarawa GRA na girma, a hannun Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta ɗauko ni riƙo daga ƙauye don in yi boko. Mijinta ɗan siyasa ne, Alhaji kowa yake ce masa, har ita. Gida ne mai doguwar katanga, irin wanda ko ihu ka yi maƙwabci ba zai ji ba, ga bishiyoyin mangwaro da ke zubar da 'ya'ya da bazara har su ruɓe a ƙasa. Can baya, a jerin ɗakunan direba da kuku, nan Baffa yake zaune, autan su Gwaggo. Sana'arsa zanen barkwanci a wata jaridar Hausa mai fitowa duk Juma'a.

Baffa bai taɓa rubuta sunan kowa a ƙasan zane ba. Ba ya bukata. A Kano kowane babba da irin karin hularsa, wani ya tura ta gaba, wani ya karya ta gefe, wani ya danna ta har kunne. Sai ya zana ƙaton tumbi da 'yan ƙafafu, ya ɗora hular, shi ke nan, ko mai shayin bakin titi ya san da wa ake. In na dawo daga Islamiyya nakan zauna a bakin ƙofarsa, zafi na dukanmu, ƙudaje na bin mangwaro, ina kallon alƙalaminsa yana ƙarar-ƙarar a takarda. Wata rana ina ta ƙyalƙyala dariya ya ce mini, "Ba dariya nake nema ba, 'yata. So nake mutum ya ga kansa ya ji kunyar shiga sahu."

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, sai ga maganar shari'a ta cika gari. Kada ka ɗauka Baffa ɗan adawa da ita ne. Ranar da aka yi babban taro da ƙafa ya tafi, ya dawo murya a dishe saboda kabbara, yana cewa yau talaka ya samu gata. Alhaji kuwa, da ya ga inda iska ta kaɗa, nan da nan gemu ya tsiro, carbi ya zo hannu, aka saka shi a wani kwamitin rufe wuraren shan giya. Kullum muryarsa a rediyo, yana kukan lalacewar tarbiyya.

Akwai wata bazawara 'yar kudancin Kaduna da take da ɗan shago wajen Gawuna, da shi take ciyar da marayunta. A gaban 'yan jarida kwamitin ya rufe shagon, aka loda kwalabe a akori-kura, aka ce za a fasa. Da yamma sai ga akori-kurar a gidanmu. A sito bayan kicin aka jibge su. Tun daga ranar, in rana ta yi sanyi, abokan Alhaji sukan hallara a gindin mangwaro, kuku ya fito musu da ƙatuwar butar shayi da ƙananan kofuna. Kai, ni dai ban taɓa ganin shayi mai sanyin firji da kumfa ba sai a gidan nan. Suna kurɓa suna tattauna yadda za a gyara al'umma. Tir!

Baffa ya yi kwanaki yana kallonsu. Sannan ya zana. Mutum a kan mumbari, hannun dama da carbi a sama, na hagu a ɓoye a baya riƙe da buta tana ambaliyar kumfa. Hular kuwa karin Alhaji ce, ko makaho ya shafa ya gane.

Gwaggo ya fara nuna wa. Ina tsakar gida na ji ta tana cewa, "Ka rufa mini asiri, don Allah. In ya kore ka ina za ka? In ya haɗa da ni fa, da girmana?"

"Yaya, ki yafe mini," in ji shi. "In na zana na waje na bar na gida, ni ma na zama ɗaya daga cikinsu."

Ya kai zanen ofishin jarida, ya dawo ya ɗaure kayansa a buhu ya ajiye bayan ƙofa.

Ranar Juma'ar an kwana ana ruwan farko, gari ya yi ƙamshin ƙasa, amma gidanmu tsit kamar an yi rasuwa. Gwaggo ko koko ba ta sha ba. Bayan an sauko daga masallaci sai ga Alhaji da abokansa, jarida a hannu, ya ce a kira masa Baffa. Baffa ya zo ya tsaya, ya gama shirya wa zagi da kora.

Sai Alhaji ya fashe da dariya. Dariya har da dukan cinya, har hular ta faɗi.

"Kun ga aikin ƙanin mata ko?" ya ce da abokansa. "Ja'irin yaro! Tun ranar da na auri yayarsa yake tsokanata. Zo nan, abokin wasana."

Ka san al'adarmu, tsakanin miji da ƙanin matarsa wasa ne, duk abin da suka faɗa wa juna ba a riƙe shi. Da wannan tsumman Alhaji ya goge komai. Abokan suka ɗauka. Wani mai ƙaton wuya ya ce, "Ni fa yaushe za ka zana ni, Malam? Ka ƙara mini tumbi, ba na fushi." Kafin mako ya zagayo an ji a rediyo ana yabon Alhaji, wai ga ɗan dimokuraɗiyya na gaske mai ɗaukar raha. Ita kanta jaridar, wadda editanta ya sha alwashin tsayawa a bayan Baffa, sai ta buga 'yar sanarwa cewa zanen wasa ne na cikin gida. Babu ɗan jarida ko ɗaya da ya zo ya leƙa siton nan, kuma babu wanda ya je ya tambayi bazawarar yadda take ciki.

Alhaji ya sa aka yi wa zanen firam na gilashi, ya rataye a falo. Ranar da aka buga ƙusar Baffa ya ɗauki buhunsa. Ba wanda ya kore shi, Gwaggo har kuka ta yi tana riƙe masa riga. Ya koma Gama ya kama ɗaki, ya shiga rubuta allunan shaguna, na masu ɗinki da masu cajin waya. Bai sake zana fuskar mutum ba.

Yanzu zane ya cika wayoyinmu, kowa na turawa kowa. Ana zana ɓarawo da safe, kafin azahar shi da kansa ya yaɗa, yaransa na yi masa kirari a ƙasa. Ni dai in na gani wucewa nake yi, don na riga na ga inda abin yake ƙarewa.

Alhaji ya rasu, Allah Ya gafarta masa, ba ni da abin cewa bayan wannan. Bara na kai wa Gwaggo gaisuwar salla, na tarar zanen yana nan a falo, an ma sake masa firam. Wata jikar Alhaji, 'yar ƙarama mai wayo, ta ja ni da hannu har gabansa, tana murna ta ce, "Anti, kin ga kakanmu? Babban mutum ne fa, har a jarida an taɓa saka shi."